Maigida Ya Ce

Duk tsawon layin nan babu mai kiranta da wani suna sai Matar Mai Zare. Abin dariyar kuwa, shi Mai Zaren, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya idan ka miƙa masa baƙin zare da shuɗi mai duhu sai ya fita da su rana ya ƙanƙance ido, ya dawo ya ba ka wanda ba shi ba. Amma shi ne a bakin mutane. Shi ne a kujerar bakin ƙofa da rediyo a cinya, shi ake ɗaga wa hannu. Ita tana can bayan kantar shagonsu, tsakanin gwangwanayen maɓallai, da zif-zif da ke rataye a ƙusa, da robar wando, da allurai, da allin tela. Shagon ɗaki ɗaya ne a gaban gidansu, ƙofa ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta kalli tsakar gida, don haka tana iya auna wa mutum leshi kunnenta yana kan tukunya.

Ba da ƙaramar murya aka haife ta ba. Tana yarinya bakinta ya fi almakashi ci, har uwarta takan ce, "Ke wannan bakin naki, wata rana a kwando za a aiko mana da ke." Shagon ne ya koya mata lanƙwasa harshe.

A shekarar da suka buɗe, mai kawo musu kaya, wani dogo mai babur da ke ɗaure kwalaye da roba, ya sauke musu baƙin zaren da teloli suka yi ta dawowa da shi suna zage-zage. Ranar da ya sake zuwa, Mai Zare yana cikin gida. Ta tsaya ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Malam, zaren nan naka ruɓaɓɓe ne. Tsinkewa yake a keke."

Ya dube ta kamar kujera ce ta yi tari. Ya leƙa bayanta. Ya ce, "Ina maigidan?"

"Yana ciki. Ni ce nake gaya maka."

"To, uwargida, idan ya fito kya gaishe shi." Ya tayar da babur ya bar ta da hayaƙi.

Da ya sake dawowa ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai, ta rage murya kamar mai tsoron tayar da jariri. "Maigida ya ce in ba ka haƙuri, wai zaren nan kamar yana ɗan tsinkewa, wai ko za a duba." Nan take dogon ya sauko daga babur. Ya ja zaren da hannu biyu, ya tsinke, ya rantse cewa maigida ya yi gaskiya, ai shi ma ya lura, daga sama aka cuce shi. Ya kwashe ya kawo sabo, har da saƙon gaisuwa a kai wa maigida. Maigida kuwa yana ciki yana sharar barcin rana baki buɗe, bai san an yi ba.

Ta tsaya da sabon zaren a hannu tana juya abin. Zaren dai shi ne, maganar ita ce, kunnen ma shi ne. Wanda aka ɗora wa maganar kawai aka sauya. To, ai kuwa ta yi ta ɗorawa. Mai gyaran wuta ya sha "maigida ya ce". Mai kwasar shara ya sha. Maƙwabcin da ke sako musu ruwan wanki ta bakin ƙofa ya sha har ya zo da kansa ya gyara kwata. Ta tara kayan magana kamar yadda ta tara maɓallai, kowanne da gwangwaninsa: ga "wai", ga "ko dai", ga "ni dai ban sani ba, amma", ga "kar ka ga kamar na yi shisshigi". Idan abu ya zauna a ranta daram kamar dutse, sai ta naɗe shi da tambaya ta miƙa, mutum ya kwance ya ɗauka shi ya tsinta.

Tsohon bakin ba mutuwa ya yi ba. Idan telolin mata suka taru a bayan kanta suna zaɓen maɓalli, nan yake fitowa ya sha iska. Takan kwaikwayi tafiyar mai babur, ta kwaikwayi yadda mazan layin ke gyaran murya kafin su faɗi abin da kowa ya riga ya sani, matan su yi ta dariya suna dafa juna. Da inuwar namiji ta faɗo bakin ƙofa, sai duk muryoyin su sauka lokaci ɗaya kamar an rage fitila. "Sannu da zuwa. Ko akwai abin da za a duba?"

Shi kansa Mai Zare da dabara ta fara binsa.

"Jiya kamar na ji ka ce a sauya kwanon rufin nan kafin ruwa ya sauko?"

"Na ce?"

"Ka ce mana, kana cire takalmi."

"To, ai ya kamata."

Ta ɗauka bai gane ba. Sai wata safiya suna shan shayi a shago, ba a buɗe ƙofar titi ba tukuna, ya tsoma burodi, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "To, Matar Mai Zare, yau kuma me na ce?"

Shayin ya sarƙe ta. Ya jira ta gama tari.

"Gaya min tun da wuri," in ji shi. "Jiya mai gyaran wuta ya tare ni a hanya yana ba ni haƙuri kan maganar da na yi, na rasa wace ce. Kuma da alama na yi zafi sosai."

Ta yi dariya har sai da ta share ido da bakin zane. Daga ranar abin ya zame musu kamar sukarin shayi, ba a sha sai da shi.

"Yau me na ce?"

"Ka ce a daina karɓar zif ɗin nan mai haƙoran roba."

"Kai, ina da kai."

"Ka ce kuma Auta ba za ta bar makaranta ba, ko me 'yan'uwanka za su faɗa."

Ya juya cokali a kofi. "Wannan da ƙarfi na faɗa ko a hankali?"

"Da ƙarfi."

"To, da ƙarfi na faɗa."

Ba kullum yake karɓa ba, kar a yi masa ƙarya a kabari. Wata rana yakan ture kofi ya ce, "A'a, wannan kam ban ce ba." Sai ta bari. Ko kuma ta bari ta huce, ta dawo da ita a wata rigar.

Haka 'ya'yansu biyu suka tashi, Babba da Auta, a ƙarƙashin "Babanku ya ce". Babba yakan ruga wurin uban yana kuka, "Baba, wai ka ce ba zan je ƙwallo ba sai na gama aikin makaranta?" Uban ya dubi bayan kanta ta saman kan yaron. Ita tana tsince maɓallai, ba ruwanta. Sai ya gyara zama ya ce, "Na ce. Kuma ban sauya ba." Suka girma suna ganin ubansu mutum ne mai ƙarancin magana da zurfin tunani, uwarsu kuma baiwar Allah ce mai haƙuri, mai isar da saƙo.

Ciwonsa bai ja ba. Masu ta'aziyya suka cika tsakar gida, kowa da abin da ya tuna. Mai gyaran wuta, ya tsufa yanzu, ya ce shi bai taɓa ganin mai tsare gaskiya irin marigayi ba, ba ya yi maka faɗa a fuska, aiko maka zai yi, amma maganar sai ta kwana tana cin ka. Auta tana kuka tana cewa ba don Baba ya tsaya da ƙafarsa ba, da ba ta yi karatu ba. Matar Mai Zare tana zaune kai a ƙasa tana cewa, "Haka ne. Haka ne." Maganganunta ne ake ta zagayawa da su a tsakar gidanta sanye da hular wani, wani sashe na ranta yana jin daɗi, wani sashen kuma ba ta san sunan abin da yake ji ba.

Da mutane suka watse ne ta san abin da ta rasa. Matan bayan kanta sun riga sun ƙare, wata ta rasu, wata 'ya'ya sun ɗauke, wadda ta rage kunne ya tafi. Telolin yanzu da waya a kunne suke shigowa, su nuna abu da yatsa su fita. Duk wannan da sauƙi. Safiya ce ba ta da sauƙi. Takan haɗa shayi ta zauna a shago, ƙofar titi a rufe, haske yana shigowa ta ƙasanta, maganganun ranar su taru a bakinta, a sauya wannan, a kira wancan, babu mai tambaya. A duk duniya mutum ɗaya ne ya san ita ke magana, kuma an kai shi an rufe.

Bayan wasu watanni Babba ya kira zama. Ma'aikacin ofis ne yanzu, ya yi tumbi, ba ya magana sai yana kaɗa makullin mota. Ya zo da matarsa, malamar makaranta, mace mai shiru-shiru wadda tsakaninta da uwar mijin bai taɓa wuce "sannu Mama" da "sannu 'yata" ba. Auta ma ta zo daga garin da take aure. Kujeru ba su isa ba, sai Babba ya shiga shago ya jawo ta bakin ƙofa ya zauna a kai.

Ya riga ya tsara komai. Za a ba wani mai gyaran waya shagon. Za a rufe gidan. Mama za ta koma wurinsu, can saman bene, an gyara mata ɗaki mai tayil da fanka da banɗaki a ciki. Ta san ɗakin. Tagarsa bangon wani benen take kallo.

Ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai da so samu ne, da an ɗan bar ni a nan tukuna. Ko dai ya kuka gani?"

A yarenta wannan ihu ne. Da mijinta yana nan, da jin haka zai san an taɓo inda ba a taɓawa. Su kuwa abin da suka ji daban.

"Allah sarki, kunya take ji," in ji Auta. "Ba ta son ta ɗora muku nauyi, Yaya."

"Wane nauyi?" in ji Babba. "Mama, ai ba maganar so ba ce. Ke kaɗai a gidan nan, idan kika faɗi wa zai sani? Ki zauna kina sayar da maɓalli kamar ba ki haifa ba? Me mutane za su ce da ni?"

"Ai kamar maɓallin ba ya da nauyi..."

"Da Baba yana nan da tuni ya yanke magana. Kin san shi, ba ya jan zance. Cewa zai yi ki tattara ki bi ɗanki."

Ta dube shi a kan kujerar. Sandar da ta sassaƙa da hannunta, ta goge ta, ta shafa mata mai shekara da shekaru, ita ce yau aka ɗaga mata. Ta laluba gwangwanayenta, "wai" ba ta yi ba, "ko dai" ba ta yi ba. Sai baki ya bi tsohuwar hanyarsa, kafin ta sani ta ji kanta tana cewa, "Babanku ya ce kada a taɓa shagon nan."

Makullin ya daina kaɗawa. Fuskar Babba ta yi laushi kamar ta yaron da ke son zuwa ƙwallo. "Ya ce? Yaushe ya faɗa miki, Mama? A asibiti?"

Da ta ce "e", da an gama. Wa zai taka maganar mamaci? Amma tambayar nan an yi mata ita sau ba adadi tun suna ƙanana, kuma amsarta guda ɗaya ce, ta riga ta yi wa harshenta gurbi.

"Da safen nan," in ji ta. "Muna shan shayi."

Auta ta rufe baki da hannu. Matar Babba ta sunkuya tana kallon yatsunta.

"Ina nufin..."

"Mama." Auta ta matso ta kama hannunta, tana magana a hankali kamar mai lallashin ɗan yaye. "Mama, Baba ya rasu fa."

"Ni na rufe masa ido, ke za ki gaya min? Sakar min hannu, ba tuƙa keke nake ba balle in faɗi."

Tsohon bakin ne ya fito, wanda 'ya'yanta ba su taɓa ji ba. Babba da Auta suka dubi juna. Ta ji Auta tana raɗa, "Ka ji ko? Mama ba ta taɓa magana haka ba. Wallahi ba ita ba ce."

Aka kai ta wurin likita. Bai kai Babba shekaru ba, yana da fara'a, kuma duk fara'ar Babba yake yi wa.

"Tana barci?"

"Tana yi, ina jin."

"Tana gane mutane?"

"Ina ganewa, likita," in ji ta.

"Sannu, Mama," in ji shi, idonsa a kan takarda. Can ya juyo ya ɗaga murya kamar tana tsallaken titi. "Mama, yau wace rana ce?"

Talata ce. Ta san Talata ce kamar yadda ta san hannunta, don ranar ake kawo kaya, kuma tun a mota take tunanin mai babur zai tarar da ƙofa a rufe. Amma ga namiji a farar riga a bayan tebur, ga wani namijin a gefe. Bakinta bai taɓa miƙa wa irin wannan zama magana tsirara ba.

"Ko dai Talata ce?" in ji ta. "Ni dai ban sani ba, amma kamar Talata."

Likita ya dubi Babba, ya rubuta wani abu. Ya ce ba wani abin tashin hankali ba ne tukuna, amma kada a riƙa barinta ita kaɗai. A mota Babba ya yi ta share ido da bayan hannu yana tuƙi. Ta tausaya masa, ta kuma ji kamar ta make masa ƙeya.

Aka sa lokacin tashi. Babba ya yi tafiyar aiki, sai ya turo matarsa da kwalaye ta fara kwashe shagon. Suka yi ta aiki ba magana, surukar tana saukewa, ita tana jerawa, don ko a kwali ba ta yarda a haɗa zaren keke da na hannu ba. Katakan bango suka fara fitowa tsirara, kowane gwangwani ya bar zagayen sawunsa a ƙura. Tsohuwar ta tambaya ko Babba ya sauka lafiya, surukar ta ce tun jiya wayarsa ba ta shiga.

Can wayar surukar ta yi ƙara. Mai gyaran famfo ne. Ta juya baya, ta rage murya.

"E, malam, sannu da aiki. Wai maigida ne ya ce in tuna maka. Ya ce idan yau ma ba ka samu zuwa ba, wai zai nemi wani. E, ransa ya ɗan ɓaci gaskiya. To. To, sai ka zo."

Matar Mai Zare ta ajiye zaren da ke hannunta.

"Yaushe ya ce?"

"Wa, Mama?"

"Maigidan. Wanda wayarsa ba ta shiga tun jiya."

"Da safen n..." Surukar ta tsaya. Bakinta ya zauna a buɗe. Suka dubi juna ta saman kwali, sai dariya ta ƙwace wa tsohuwar, irin ta bayan kanta, wadda ta daɗe ba ta yi ba. Surukar ta zauna a kan kwali ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

"Ke ma? Ke da karatunki? Ke da kike tsayawa gaban aji kina tsawa?"

"Mama, yara ne a aji. Mai famfo ba yaro ba ne. Sau nawa na kira shi da bakina, sai 'to madam, to madam', banɗaki yana ta ambaliya. A taron malamai ma haka ne. In kawo shawara ta faɗi ƙasa, wani mai gemu ya sunkuya ya ɗauka ya karkaɗe ta, a tafa masa."

"Shi ɗan nawa ya san kina yi?"

"Ina! Shi gani yake mutane tsoronsa suke ji."

"Ubansa ya fi shi kai," in ji tsohuwar. Dariyar ta janye. Ta ɗauki wani maɓalli tana juyawa. "To ashe ranar nan kin gane."

"Na gane, Mama. Tun da kika ce da safen nan na gane."

"Kika yi shiru."

"Idan na ce a bar ki a nan, me Auta za ta ce? Matar Yaya ba ta son uwar miji a gidanta. Ni bakina a maganar nan ya fi naki ɗauruwa." Ta share ido. "Amma ke ma, Mama, me ya sa ba ki faɗa musu ba kya so ba?"

"Na faɗa. Kina wurin."

"Cewa kika yi da so samu ne."

"To, ai shi ne."

Mota ta wuce a titi, zif-zif ɗin da suka rage a ƙusa suka motsa. Babu inuwar kowa a bakin ƙofa. Matar Mai Zare ta dubi katakan da aka kwashe, ta buɗe baki, maganar ta fito da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ba na son in tashi. Hankalina ƙalau yake. Shagon nan nawa ne."

Ta ji kamar ta fita titi ba mayafi. Har ta kai hannu ta taɓa kanta.

"In gaya masa gaskiya?" in ji surukar. "In ce duk abin da Baba ya ce..."

"Kul. Ba zai yarda ba, sai dai a ƙara min magani. In kuma ya yarda, na kashe masa uba sau biyu. Bar musu ubansu. Mutumin nan ya ɗauki maganganun da bai yi ba, har waɗanda suka ɓata shi da 'yan'uwansa, bai taɓa saukewa ba. Ba zan tuɓe masa hula yana kwance ba."

Surukar ta miƙe ta karkaɗe zane. Ta buɗe kwalin da suka gama rufewa, ta ɗauko gwangwani, ta nemi zagayen sawunsa a kan katako ta mayar da shi daidai.

"To, bar min shi."

"Kada fa ki faɗa masa kai tsaye."

"Haba, Mama. Yau na fara?"

Babba ya dawo daga tafiya, aka kwana biyu, sai ga shi a ƙofar shago yana kaɗa makulli, matarsa a bayansa tana duba zif kamar yau ta fara ganin zif. Ya yi gyaran murya.

"Mama, na zauna na yi tunani sosai. Mutum idan kansa ya fara irin wannan, ɗauke shi daga inda ya saba ƙara rikita shi yake yi. Hawa bene ma ba zai yi wa gwiwarki kyau ba. Ga shi Baba bai taɓa son a rufe shagon nan ba, ko ranar da ba ciniki. Saboda haka na yanke shawara. Za ki zauna a nan, mu gani. Dama tun farko abin da na faɗa wa wannan ke nan."

"Haka ka ce," in ji matarsa.

"To," in ji Matar Mai Zare, kai a ƙasa. "Yadda ka ce. Allah ya yi albarka."

Ta samu shagonta. Abin da ta bayar a madadinsa shi ne, har gobe 'ya'yanta gani suke kan uwarsu ya tsage. Auta takan kira ta a waya tana rarraba kalmomi, "Ma-ma, kin ci a-bin-ci?" Babba ya sa an cire sakatar ciki, ya roƙi maƙwabta su riƙa leƙawa. Surukar takan biyo wani lokaci idan an tashi daga makaranta, su ɗan taɓa hira a bayan kanta, amma tana da aji, tana da gida, tana da nata maigidan da za ta yi wa magana.

Wata Talata mai kawo kaya ya zo. Ɗan dogon nan ne, ya gaji uban har da roba da kwalaye. Farin zaren da ya sauke a zuwan baya teloli sun dawo da shi. Ta ɗora masa shi a kan kantar shagon. Ta tuna yadda maganar nan ta fito ranar kwalaye, ba ta mutu ba kuma. Ta ɗaga kai.

"Zaren nan ruɓaɓɓe ne. Ka kwashe."

Ya yi murmushi, ya leƙa bayanta. "Ina mai shagon, Mama?"

"Ni ce."

"A'a, ina nufin ɗan naki. An ce shi ke kula da wurin yanzu."

Ta dube shi. Ta dubi zaren. Telolin za su dawo da yamma, kuma fari suke nema. Ta ja mayafi.

"Shi ne ya ce in ba ka haƙuri. Wai kamar yana ɗan tsinkewa."

Ya ja zaren ya tsinke, ya ce wallahi yallaɓai ya yi gaskiya. Ya kwashe, ya sauke sabo, ya ce a gaishe shi.

Ƙarar babur ta yi nisa. Rana ta kawo kan kujerar bakin ƙofa, ta haska inda zama ya goge fentin. Ta jera farin zaren a kan katako, ta juya wajen kujerar.

"Ka ji abin da ɗanka ya ce yau," in ji ta.

Ta ɗan jira. Sannan ta jawo gwangwanin da maɓallai suka cakuɗe a ciki tun ranar kwalaye, ta zazzage a kan kanta, ta fara ware manya daga ƙanana.